Wane Kan Harsashi Ya Dace da Barewar Amurka? Amsa ga Ɗan Jos da ke Minesota

"Assalamu alaikum, Baba Dakta. Ni ɗan Gangare ne a Jos, amma shekara shida ke nan ina aikin jinya a jihar Minesota ta Amurka. Bara abokan aikina suka ja ni farautar barewarsu. Na yi kwas ɗin da doka ta ce, na karɓi lasisi, na sayi bindiga .308 Winchester. Yanzu wani dattijo maƙwabcina yana koya mini haɗa harsashi da hannuna a garejinsa. Da na je sayen kan harsashi sai na rikice: wannan nauyinsa giren 130, wancan 150, wani 180, wasu da roba a baki, wasu jan ƙarfe zalla, kowane kwali yana yabon kansa. Dajin da muke zuwa mai duhuwa ne, da wuya ka hango dabba a nisan da ya wuce yadi 120. Naman kuma gida nake kawowa, ina da yara biyu ƙanana. Na ji an ce kun yi wannan harka lokacin zamanku a can. Wanne zan zaɓa, kuma don me?" Nasiru.

Wa'alaikumus salam, ɗana Nasiru. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji daɗin abubuwa uku da ka ambata ba tare da an tambaye ka ba: irin bindigar, nisan da kake harbi, da kuma yaran da za su ci naman. Tambayarka a taƙaice ita ce, wane kan harsashi ne idan ya fito daga .308 ya sami barewa a ƙasa da yadi 120 zai kashe ta nan take ba tare da azaba ba, kuma ya bar maka naman da za ka sa a tukunya hankalinka kwance. Duk abin da zan faɗa a kan waɗannan ukun zai tsaya.

Ni likitan dabbobi ne. Na yi shekara goma sha ɗaya a Wiskonsin, maƙwabciyarku, kafin na dawo Jos, kuma kusan kowace shekara nakan fita farautar kwana tara da ake buɗewa a can cikin watan Nuwamba. Saboda sana'ata, babu barewar da muka kayar, tawa ko ta abokan tafiya, da ban buɗe ƙirjinta na bi hanyar da harsashi ya bi da yatsana ba. Abin da na sani a can na koye shi, a bakin gawa, hannu yana ƙanƙara.

Kafin na ci gaba akwai magana ga masu karatu na gida. Abin da Nasiru yake yi halas ne a dokar inda yake. A Najeriya haramun ne. Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma. Ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da irin su bindigar toka da ake neman izininsu wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 suna cikin kashi na farko, ita kuwa .308 'yar'uwar harsashin soja mai wannan faɗin ce. Mu mutanen Jos mun ga abin da bindiga ta yi a 2001 da 2008 da 2010, ba labari aka ba mu ba. Ni kaina da zan dawo, can na sayar da bindigata da duk kayan haɗin, ko kwanson harsashi ɗaya ban shigo da shi ba. Don haka wannan amsa ta mai zama a inda doka ta yarda ce, kuma ba za a ga awon albarushi a cikinta ba.

Dabbar tukuna

Abin da kuke kira barewa a can ba barewarmu ba ce. A duk Afirka kudu da Sahara babu irinta. Namu su ne barewa da gada da mazo da mariya da gwanki, kuma ƙahonsu ɗaya ne har su mutu. Taku mai farin wutsiya, namijinta ƙahonsa reshe-reshe ne, yakan zubar da shi kowace shekara ya tsiro sabo. A jiki kuwa, macen ta kusa mazo ko mariya, babban namiji a arewacin Amurka yakan wuce kilo 100. Fatarta siririya ce, haƙarƙarinta ba shi da kauri, faɗin ƙirjinta daga wannan gefe zuwa wancan bai fi ƙafa ɗaya da ɗan wani abu ba. Wurin da ake nema, wato huhu biyu da zuciya, girmansa kamar faifan rufe ƙwarya ne, inci takwas zuwa goma.

Na tsaya a nan ne domin sababbin mafarauta da yawa suna zaɓar harsashi kamar ɓauna za su harba. Wannan dabba ba ta da wuyar hudawa. Abin da ke kashe ta da sauri shi ne zubar jini mai yawa a cikin ƙirji da faɗuwar huhu biyu a lokaci guda. Idan aka samu haka, jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta faɗi, ko da ta ɗan yi gudu. Idan huhu ɗaya kawai aka taɓa, tana iya tafiyar kilomita, ta kwana tana shan wahala. Aikin kan harsashi ke nan: ya buɗe da wuri don ya yi faɗi, kuma kada ya wargaje kafin ya ratsa huhun biyu. Ni nakan so ya fita ta ɗaya gefen ma, domin ramin fita shi ne ke zubar da jinin da za ka bi a cikin duhuwar daji.

Yadda ake gina shi

Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, albarushi, ɗan maɓallin gindi mai tayar da wuta, da kan da ke tashi. Kan shi kaɗai ne yake isa ga dabba. Mafi daɗewa kuma mafi araha a cikinsu shi ne mai dalma a ciki da rigar jan ƙarfe a waje, an bar bakin dalmar a buɗe. Da ya bugi nama sai bakin ya baje, rigar ta naɗe baya, ya koma kamar lemar kwaɗi, faɗinsa ya kusa ninkawa. Core-Lokt na kamfanin Remington, wanda ya fito tun 1939, da InterLock na Hornady da GameKing na Sierra duk wannan iyali ne. Kakannin abokan aikinka da su suka cika rumbu, kuma a gudun .308 suna aiki sosai. Rauninsu ɗaya ne: dalmar da rigar zaman tare kawai suke yi, ba a haɗe suke ba. Idan gudu ya yi yawa, ko aka ci karo da ƙashin kafaɗa daga kusa, suna iya rabuwa, kan ya zubar da kusan rabin nauyinsa a hanya.

Wannan rauni ne ya haifar da na biyu. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata ƙatuwar dabba ta dangin barewa a Kanada, kafaɗarta duk busasshen taɓo, harsashin ya tarwatse bai shiga ba. Ya koma gida ya ƙera kan da ke da katanga a tsakiya, dalma a gaba dalma a baya. Na gaban ya buɗe ya yi ɓarna, katangar ta tare, na bayan ya ci gaba da tura kai. Shi ne Partition, wanda ya fara sayarwa a 1948, kuma har yau ana auna sauran da shi. Yakan riƙe wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa.

Sai waɗanda aka narka dalmarsu ta manne da rigar, kamar yadda mai gyaran rediyo ke liƙa waya, irin su AccuBond da Scirocco. Suna buɗewa da faɗi ba tare da rabuwa ba. Robar da ka gani a bakin wasu kuwa aiki biyu take yi: tana taimaka wa kan ya yanka iska, kuma idan ya bugi nama sai ta nutse ciki kamar turke ta tsaga bakin. Amma roba a baki ba ta gaya maka ƙarfin ginin ba. Akwai mai roba da aka yi don ƙananan dabbobi masu ɓarnar gona, rigarsa kamar takarda, akwai mai roba da aka yi don manyan namun daji. Daga waje kamar tagwaye suke. Karanta abin da kamfanin ya ce an yi shi dominsa.

Na ƙarshe su ne na jan ƙarfe zalla, babu dalma ko ɗigo. Kamfanin Barnes ne ya fito da su fili a 1989, daga baya ya yi TSX da TTSX, yanzu kusan kowane kamfani yana da nasa. Akwai rami a bakinsu, idan suka shiga sai bakin ya tsage gida huɗu ko fiye kamar fure, kowane ɓangare da kaifi. Na sha tono su daga ƙasa a bayan dabba in ɗora a ma'auni, in tarar kusan duk nauyin yana nan.

Gudun da zai isa da shi

A nan gizo ke saƙa. Kowane kan harsashi yana da iyakar gudu ta ƙasa da ta sama. Ƙasa da iyakar ba zai buɗe ba, sai ya wuce kamar tsinke ya bar ɗan rami. Sama da ita sai ya fashe. Kuma gudun da ake magana a kai shi ne wanda yake da shi lokacin da ya taɓa dabbar, ba wanda ya bar bakin bindiga da shi ba. Kamfanin Nosler yana ba da ƙafa 1,800 a daƙiƙa a matsayin iyakar ƙasa ga Partition da AccuBond. Ga jan ƙarfe zalla, mu da muka yi amfani da shi mukan so ya kai 2,000 ko fiye, domin jan ƙarfe ya fi dalma tauri.

Yanzu duba taka. Bindiga .308 da kan giren 150 takan tashi da wajen ƙafa 2,800 a daƙiƙa. A yadi 100 ya ragu zuwa wajen 2,600, a yadi 300 yana wajen 2,150. Ka ga a dajinku duk nau'o'in da na lissafa suna tsakiyar inda suke aiki. Ba ka da matsalar rashin buɗewa. Idan akwai abin da za ka yi hattara da shi, to ɗaya gefen ne: barewa ta ɓullo maka a yadi 25, tana fuskantarka a kaikaice, kafaɗa a gaba, kan kuma mai siririyar riga.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. A shekarata ta uku da fara haɗa harsashi na sami wani kai marar nauyi da bindigata take so ƙwarai. A takarda harbi biyar sukan taru a wurin da kwabo zai rufe. Na ruɗu da kyan taruwar, ban tsaya na tambayi don me aka yi shi ba, alhali an yi shi ne don ƙananan dabbobi. Da hantsi wata barewa mace ta fito mini a kusa, na sa a kafaɗa. Ta faɗi, ta miƙe, ta shige kurmi da ƙafa uku. Mu uku muka bi ɗigon jini a kan dusar ƙanƙara har la'asar kafin muka same ta kwance a gindin wani itace, da ranta, tana kallonmu. Da na feɗe ta na ga rauni mai faɗin tafin hannu a kan kafaɗa, amma zurfinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Gutsattsari kaɗan ne suka taɓa huhu ɗaya. Ni da na yi rantsuwar rage wa dabbobi wahala, na sa wannan baiwar Allah ta yini cikin azaba saboda na zaɓi abin da ya burge ni a takarda. Daga ranar na daina fita da kan da ban gwada buɗewarsa ba.

Haka nan ka guji kawunan da aka yi don gasar harbin allo. Suna da saiti mai kyau, amma buɗewarsu a jiki ba ta da tabbas, yau su fashe gobe su wuce a rufe. Wasu kamfanonin da kansu sukan rubuta cewa ba don farauta suka yi su ba. Masu cikakkiyar riga irin ta soja kuwa, dokokin farautar barewa a jihohi da dama sun hana su, har da ƙasar Birtaniya, inda doka ta ce dole kan ya zama mai buɗewa.

Nauyi, tsawo da juyi

Giren awo ne ɗan ƙarami, guda 7,000 ke yin laba ɗaya, don haka giren 150 bai kai giram goma ba. A kwalin za ka ga lambobi biyu. Mai alamar SD tana nuna yawan nauyi idan aka kwatanta da faɗi. Ka ɗauki mashi da dutse masu nauyi ɗaya, mashin ne zai fi nutsewa, domin nauyinsa a bayan ɗan ƙaramin baki yake. A .308, giren 150 lambarsa 0.226, giren 165 kuma 0.248, giren 180 kuwa 0.271. Ga barewa ta farkon ma ta wadatar. Giren 180 na manyan dabbobi ne, abin da zai ƙara maka shi ne dukan kafaɗa, kuma wanda bindiga ke duka yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama. Ita ma lambar gaskiyarta rabi ce, domin da zarar kai ya buɗe ya zubar da dalma lissafin ya canja. Shi ya sa jan ƙarfe mai giren 130 yakan ratsa fiye da mai dalma giren 150.

Ta biyun, BC, tana nuna yadda kan yake yanka iska. Ita ce masu talla suka fi ɗagawa, kuma ita ce ta fi rashin amfani gare ka. A yadi 200, bambancin faɗuwa tsakanin mai 0.4 da mai 0.5 bai kai inci ɗaya ba. Kai da ba ka wuce 120, ka ƙyale ta.

Abin da ya kamata ka auna shi ne juyin bututun bindigarka. A cikinsa akwai zane mai murɗewa da ke sa kan ya yi ta juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma juyin ne ke hana shi tuntsurewa. Yawancin .308 suna zagaye ɗaya cikin inci 10 ko 12. A inci 10, kan da ke gudun ƙafa 2,800 yana juyawa sama da sau 200,000 a minti. Dogon kai ya fi gajere buƙatar juyi, kuma tsawo ne abin dubawa, ba nauyi ba. Da yake jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, kan jan ƙarfe ya fi mai dalma tsawo idan nauyinsu ɗaya. Idan bututunka na inci 12 ne, ka tsaya a 130 zuwa 150 na jan ƙarfe. Dattijon maƙwabcinka zai nuna maka yadda ake aunawa da sandar wanke bututu da ɗan tsumma. Alamar juyi bai isa ba a takarda take fitowa: maimakon zagayayyen rami sai ka ga mai tsawo, kan ya shiga a karkace.

Dalma da yaranka

Da a ce kai kaɗai za ka ci naman, da na ce ka sayi mai dalma giren 150 ko 165 na araha, ka kashe sauran kuɗin wajen yawan gwaji. Amma ka ce yara biyu, kuma wannan ya canja amsata.

Nauyin da kan ya zubar a hanya ba ɓacewa yake yi ba, a cikin nama yake tsayawa. Mafi yawansa ƙura ce da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa ya yi amfani da na'urar asibiti mai ganin ciki ya ɗauki hoton niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta suka ba da sadaka ga mabuƙata, ya ga gutsattsarin dalma a cikin fakiti da yawa, har aka janye naman. A wannan shekarar hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiharku, Minesota, ta yi gwaji a kan gawarwakin tumaki, ta sami gutsattsari har nisan inci 18 daga hanyar harsashi. Masu saurin buɗewa su ne suka fi watsawa, jan ƙarfe kuwa bai bar dalma ba. Inci 18 ƙafa ɗaya da rabi ke nan, ya wuce duk abin da mahauci zai yanke ya yar a gefen rauni. Wankewa da ruwa ma ba ta fitar da ita, takan ƙara baza ta ne.

Kai ma'aikacin jinya ne, ka san babu adadin dalma a jinin yaro da likitoci suka ce ba shi da illa, kuma jikin yaro ya fi na babba tsotse ta. Mu 'yan arewa mun san wannan guba da sunanta. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke cikin naman farauta bai kusa da wancan yawa ba, kada in tsorata ka fiye da kima. Sai dai ƙaramin adadi ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da wata alama ba, kuma ga hanyar kauce masa, wato kan jan ƙarfe, a kanti ɗaya da sauran. Akwai kuma tsuntsaye masu cin kayan cikin da mafarauta ke bari a daji, gaggafa da ungulu, su ma suna mutuwa da ita. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun daga 1 ga Yuli 2019.

Don haka da ni ne a gurbinka, kan jan ƙarfe zalla zan saya, giren 130 ko 150, mai roba a baki saboda yana taimakon buɗewa. Shekaruna huɗu na ƙarshe a can da shi na yi, kuma duk wadda na sa wa a bayan kafaɗa ya ratsa ta ya fita. Yana da nasa sharuɗɗa. Ya fi tsada. Barewar takan ɗan yi gudu, yadi talatin ko hamsin, fiye da yadda na saba gani da masu tarwatsewa, amma jinin da take bari ko da magariba za ka bi shi. Kuma da yake yana ratsawa ya wuce da sauran ƙarfinsa, dole ka san abin da ke bayan dabbar kafin ka taɓa kunama. Dajinku cike yake da mutane a makon buɗe farauta.

A teburin haɗi

Abu mafi haɗari da sabon mai haɗi ke yi shi ne ya ɗauka duk giren 150 ɗaya ne. Jan ƙarfe ya fi tsawo, yana cin wuri a cikin kwanso, kuma gogarsa da bututu daban ce, shi ya sa ake yanka masa zobba a jiki don rage matsi. Awon albarushin da ya yi daidai da mai dalma yana iya yin yawa gare shi. Ka yi aiki da littafin awo na kamfanin da ya yi kan, da irin albarushin da suka rubuta daidai, ka fara daga awo mafi ƙanƙanta, ka hau a hankali. Kada ka karɓi awo daga bakin kowa, ko ni, ko wani a intanet. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko maɓallin gindi ya baje, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso, ka tsaya ka koma baya. Jan ƙarfe kuma ya fi son a bar masa ɗan fili kafin ya taɓa zanen bututu, littafin zai faɗi nawa. Ka wanke bututun sosai kafin ka koma gare shi daga masu dalma.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka jera jarkokin madara na roba cike da ruwa, shida ko bakwai, a filin harbin da ya yarda da haka, ka harba ɗaya daga nisan da kake farauta, ka tono kan ka duba ya buɗe ko bai buɗe ba. Ruwa ba nama ba ne, amma zai nuna maka da yawa. Game da saiti, idan harbi uku suna taruwa cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100, ya ishe ka har da ƙari, kada ka ƙone kuɗi kana neman rabin inci. Lokacinka ya fi amfani idan ka tashi daga tebur ka koyi harbi a zaune da durƙushe, sanye da rigar sanyin da za ka sa ranar. Kuma ka sake gwada saitin idan Nuwamba ta kusa. Albarushi yana rage ƙarfi a cikin sanyi, wasu irin fiye da wasu, kuma sanyin Minesota ya ninka na Jos a tsakiyar hunturu nesa ba kusa ba.

Iyakata ita ce, ban taɓa harbin barewa a nisan da ya wuce yadi 200 ba, kuma ban riƙe bindigarka ba. Bututu biyu daga masana'anta ɗaya suna iya bambanta a abin da suke so. Idan taka ta ƙi jan ƙarfen kamfani ɗaya, gwada na wani kafin ka yanke hukunci. Idan duk ta ƙi, koma ga masu mannanniyar dalma, ka nemi haƙarƙari ka kauce wa ƙashin kafaɗa, ka yanke da faɗi a kewayen rauni ka yar, kada ka niƙa naman wannan ɓangaren, kuma ka ba yara na cinya da gadon baya daga nesa da raunin. Dokokin farauta kuma suna canjawa daga shekara zuwa shekara da yanki zuwa yanki, ka karanta ɗan littafin da hukuma ke fitarwa na bana. A ciki za ka ga yankunan da ake neman a gwada gawar saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda ta ɓulla mana a Wiskonsin a 2002. Idan yankinku na ciki, kada a ci sai sakamako ya fito.

Saura maganar halas, tunda na san za ta zo maka. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta abin da makami ya huda da kaifinsa, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa ya kashe, wanda ba a ci. Malamai da yawa sun sanya harsashi cikin mai hudawa mai zubar da jini. Ka yi bisimilla lokacin da za ka harba, kuma idan ka isa ka tarar da sauran rai, ka yanka ta nan take. Don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka, ba a cikin mota ba. Idan kana son ƙarin bayani a kan hukuncin, limamin masallacinku ya fi ni cancanta.

Idan Allah ya ba ka sa'a bana, ka buɗe ƙirjin a hankali kafin ka zubar da kayan ciki. Ka duba ramin shiga da na fita, ka ga huhu nawa ya taɓa, ka ƙirga takun da ta yi daga inda ka harbe ta zuwa inda ta faɗi, ka rubuta a littafin da kake rubuta awonka. Ka aiko mini da hoton, in gaya maka abin da na gani. Ka gaida maƙwabcin naka, ka shafa mini kan yaran.